Hanya Ɗaya, Matafiya Dubu: Yadda Kwamfutoci Suke Rabon Hanyar Sadarwa, da Misalin Bagudo da Iyakar Benin



An nemi in yi bayani a kan yadda kwamfutoci suke rabon hanyar sadarwa a tsakaninsu, da yadda suke tafiyar da saƙo har ya isa inda aka aike shi. Da jin wannan kan magana, wani zai ce ai zancen injiniyoyi ne, babu ruwan akawu ko malamin makaranta. To, amma tun shekarar 2015 babu ɗalibin da yake rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta tilasta tara kuɗin shigarta a asusu guda, wanda ba a iya zuba ko kwabo a cikinsa sai ta hanyar sadarwa. Albashi ma ta nan yake biyowa. Saboda haka ranar da aka ce babu sabis, abin da ake nufi shi ne aikin hukuma ya tsaya, ciniki ya tsaya, wani yaro kuma ya rasa jarrabawarsa. Ya kamata wanda abin ya shafa haka ya san yadda yake aiki, ko don ya san tambayar da zai yi.

Zan ɗauki ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi ta zame mana allon karatu. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma daga yamma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975. Wannan iyaka Ingilishi da Faransawa ne suka shata ta a birnin Paris ran 14 ga Yuni, 1898, suka ce za ta taɓo kogin a mil 10 sama da Giris, watau mashigin Illo. Da haka suka raba ƙasar Borgu gida biyu. Har yau mutanen Tsamiya a wannan ɓangare da na Segbana a wancan ɓangare 'yan'uwan juna ne, harshensu ɗaya, suna cin kasuwannin juna, suna auratayya. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: idan mutum a Tsamiya ya ɗauki hoton buhunan masararsa ya aika wa abokin cinikinsa a Segbana, wace hanya hoton nan yake bi, kuma da wa da wa yake rabon hanyar?

Kowa a cikinku ya san fito. A ƙarni na 19, fataken goro da suke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, da yawansu a wajen Illo suke ƙetare Kwara su faɗa Borgu. Ayari guda yakan kai mutum dubu ko fiye, ga jakuna, ga kaya. Babu jirgin da zai ɗauki wannan taro gaba ɗaya, kuma babu madugun da zai ce a sassaƙa wa kowane farke jirginsa. Dole a bi layi, a kwance kaya a shigar da su kaɗan-kaɗan, a yi musu shaida don kada na wani ya cakuɗe da na wani, sa'an nan a ƙirga su a ɗaya gaɓar. Duk ilmin da zan yi magana a kansa yau bai wuce wannan ba: hanya kaɗan ce, masu buƙata suna da yawa, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba.

Tsohuwar dabarar gidan waya ita ce a ba mutum biyu layi su riƙe shi su kaɗai har su gama magana. Wannan yana da kyau ga masu maganar, amma ɓarna ce, domin ko sun yi shiru layin yana hannunsu. Waya kuwa tsada gare ta, balle irin wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886. Don haka tun zamanin tangaraho aka shiga neman yadda mutane da yawa za su yi amfani da waya guda. Wani Bafaranshe mai suna Emile Baudot ya fito da dabara a 1874: a raba lokaci, kowane ma'aikacin tangaraho a ba shi ɗan ƙiftawar ido a kan wayar, a zagaya da sauri har kowa ya ga kamar wayar tasa ce shi kaɗai. Manoman rani da suke rabon ruwan injin guda, wannan da safe wancan da la'asar, sun san wannan dabara. Ɗaya dabarar kuma ita ce ta gidajen rediyo: iska ɗaya ce, amma kowace tasha da mitarta, mai saurare ya murɗa ya kama wadda yake so.

Wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a Nijeriya cikin Agusta 2001, ta haɗa dabarun nan biyu. A watan Janairu na shekarar ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisi, kowane kamfani ya biya Dala miliyan 285. Me suka saya da wannan maƙudan kuɗi? Ba ƙarfe ba ne, ba waya ba ce. Izini ne na yin magana a kan wani yanki na mitocin iska. A lokacin, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Kamfanin yana yanka rabonsa zuwa ƙananan mitoci masu faɗin kilohaz 200, sa'an nan kowace mita a raba ta gurbi 8 na lokaci. Wayarka takan yi magana a gurbinta, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, ta yi shiru sauran bakwai su wuce, ta sake yi, kusan sau 217 a kowace sakan. Ƙarar nan da kuke ji a lasifika ko akwatin rediyo sa'ad da kira zai shigo wayar da ke kusa, ita ce wannan kunnawa da kashewa.

Akwai wani abu a nan da za mu komo kansa in mun zo iyaka. Wayar da take nesa da ƙarfen sabis, saƙonta yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, don haka zai iya faɗawa gurbin wani. Maganin da aka yi shi ne ƙarfen ya auna nisanta, ya umarce ta ta riƙa yin sammako gwargwadon nisan. An tanadi matakai har 63, kowanne wajen mita 550, jimla kilomita 35. Watau a tsarin GSM na asali, ƙarfe guda yana iya hidimar wayar da take kilomita 35 daga gindinsa, in dai ƙarfin siginar ya kai.

To, gurbi nawa ne zai ishi gari? Wanda ya fara warware wannan lissafi wani masanin lissafi ne a kamfanin tarho na Kopanhagan a ƙasar Danmak, sunansa A. K. Erlang, kuma a 1917 ya fitar da ƙa'idar da har yanzu injiniyoyi suke aiki da ita. Bari in ba ku ɗanɗano. A ce ƙarfe yana da mita guda. Gurbi ɗaya ya tafi wajen tsara zirga-zirga, saura 7 na magana. A ce kuma kowane mai waya yana magana minti ɗaya da rabi a cikin awar da ta fi cunkoso, kuma mun yarda kira 2 cikin 100 ya tarar da hanya a cike. Lissafin Erlang ya nuna gurbi 7 za su ishi mutum kimanin 117. In aka ninka gurbin ya zama 14, ba mutum 234 zai ɗauka ba, zai ɗauki wajen 328. Ku lura da wannan da kyau: hanyar da aka haɗa wuri guda ta fi hanyoyi biyu da aka raba amfani, ko da faɗinsu ɗaya ne. Ku kuma lura da ɗaya fuskar. Ƙarfen da aka auna shi bisa yawan mazauna ƙauye, ranar kasuwa, da baƙi suka cika gari kowa da wayarsa a hannu, dole ya gaza. Ba lalacewa ya yi ba. Jirgin ne ya cika.

Saura wata matsala. Kafin ƙarfe ya ba ka gurbi sai ka roƙa, to, a wane gurbi za ka yi roƙon? Amsar ta fito daga tsibiran Hawai. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a jami'ar can suna so su haɗa kwamfutocin da ke warwatse a tsibirai da babbar kwamfuta guda ta hanyar rediyo. Suka kafa doka mai sauƙi ƙwarai, suka sa mata suna ALOHA: duk mai saƙo ya aika kawai, in bai ji amsa ba, to ya san ya yi karo da wani, sai ya jira ɗan lokaci wanda ya zaɓa da ka, ya sake gwadawa. Lissafi ya nuna da wannan doka ba a iya cin moriyar fiye da kashi 18 cikin 100 na hanyar, in kuma aka sa kowa ya riƙa farawa a kan ƙa'idajjen bugun agogo, sai ya kai kashi 37. Ɓarna ce babba, amma ga gajeren roƙo ta wadatar, kuma har yau da irin wannan sallama wayar da ke aljihunka take neman iso wurin ƙarfe. A 1973 Robert Metcalfe ya ɗauki dabarar ya gyara ta domin kwamfutocin ofis da ke kan waya guda, wadda aka sani da Ethernet: ka saurara kafin ka yi magana, in kun yi karo ku duka ku yi shiru, in kun sake karo ku ninka tsawon jiran, bayan gwaji 16 a haƙura. Wi-Fi na ɗakin karatunku ma da ladabin nan yake aiki. Duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ya ga irinsa, sai dai a fada girma ne yake raba gardama, a nan kuwa ƙuri'a ce.

Duk abin da na faɗa ya fi dacewa da murya. Kwamfuta kuwa ba haka take magana ba. Takan yi shiru na minti guda mai ita yana karatu, sa'an nan ta buƙaci hanya gaba ɗaya na rabin sakan. A keɓe mata layi kamar a ajiye wa farke guda jirgi ne yini zubur, alhali sau ɗaya zai ƙetare. Mutum biyu ne suka gano mafita, kowa daban: Paul Baran a Amurka a farkon shekarun 1960, wanda damuwarsa ita ce hanyar da za ta tsira ko an yi yaƙi, da Donald Davies a Ingila a 1965. Suka ce a yanka kowane saƙo ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshin mai aikawa da na mai karɓa, a sake shi ya bi duk hanyar da ta samu. A kowace mararraba akwai na'ura, rauta, wadda aikinta ke nan: ta karanta adireshi, ta duba jadawalinta, ta miƙa ƙunshin gaba, in hanyar gaba a cike take ta sa shi a layi, in layin ma ya cika ta jefar da shi. An fara gwada wannan sosai a ARPANET, inda saƙon farko ya tashi daga Los Anjalis ran 29 ga Oktoba, 1969, kuma haruffa biyu kaɗai suka isa kafin na'urar ta tsaya.

Na ce ta jefar da shi, kuma da gangan na faɗa. Intanet ba ta yi wa kowa alkawarin isar da kaya ba. Alhakin ƙirga kaya an ɗora shi a kan na'urorin da ke baki biyu, bisa ƙa'idar TCP wadda Vinton Cerf da Robert Kahn suka bayyana a 1974, aka kuma koma kanta gaba ɗaya ran 1 ga Janairu, 1983. Hoton buhunan masarar nan, in ya kai megabait 3, za a yanka shi ƙunshi kimanin 2,000, domin ƙunshi guda ba ya wuce bait 1,500 a yawancin hanyoyi. Kowanne da lambarsa. Mai karɓa yana jera su bisa lamba, yana aiko da shaidar abin da ya iso. Wanda ba a ji shaidarsa ba, a sake aikawa.

A nan ne aka yi wani karatu mai tsada. Cikin Oktoba 1986, hanyar da ta haɗa wani ɗakin bincike da Jami'ar Kalifoniya a Bakli, tsakaninsu yadi 400 kacal, ta faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Babu wayar da ta tsinke. Abin da ya faru shi ne hanya ta cika, rauta ta fara zubar da kaya, kowace kwamfuta kuma da ta ga kayanta bai isa ba sai ta sake turo shi da ƙarfi, har hanyar ta cika maƙil da maimaici. Van Jacobson ne ya kawo gyara a 1988, kuma gyaran nasa tarbiyya ce aka koya wa na'ura. Ta fara aikawa kaɗan, ta riƙa ninkawa muddin shaida tana dawowa. Da zarar ƙunshi ya ɓace, ta ɗauka hanya ce ta cika, ta rage saurinta da rabi, sa'an nan ta riƙa ƙarawa sannu-sannu. Babu sarkin da yake tsaye yana raba wa kwamfutocin duniya hanya. Kowace ce take janye hannunta da kanta. Mu mutane ba mu koyi wannan ba. A farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya na'urorin bankuna suka cika, me muka yi? Kowa ya yi ta danna aikawa sau biyar, sau goma. Abin da kwamfutocin 1986 suka yi ke nan.

Tsarin 4G da yawancinku kuke riƙe da shi ya ɗauki darasin ƙunshi ya shigo da shi cikin iska. Ba a ba kowa gurbi na dindindin. Ƙarfe yana yanka mitarsa siri-siri, kowane siri kilohaz 15, ya ɗaure su goma sha biyu-sha biyu, kana sau dubu a kowace sakan ya sake rabo: wa ke da kaya a layi, wa siginarsa take da kyau, wa ya daɗe yana jira. Wanda yake nesa da ƙarfe, ko yake cikin ɗakin kwano, yana cin rabo mai yawa kafin ya aika abin da na kusa zai aika da kaɗan. Saboda haka sandunan da kuke gani a fuskar waya ƙarfin murya kaɗai suke nunawa, ba sa gaya muku mutum nawa ne a gabanku a layi.

Yanzu hoton ya bar wayar ya hau ƙarfen Tsamiya. Daga nan fa? Wannan shi ne ɓangaren da jama'a ba su gani, kuma a ganina shi ne inda ƙasa irin Bagudo ta fi shan wuya. Ƙarfe ba ya isar da saƙo da kansa. Sai ya miƙa shi zuwa cibiyar kamfanin. A karkara galibi ana yin haka da faranti mai kama da ganga da kuke gani a maƙale a jikin ƙarfe, wanda yake harba sigina zuwa wani ƙarfen da yake hange, shi ma ya miƙa gaba, har a isa garin da wayar gilashi ta iso. Duk ƙauyukan da ke kan wannan sarƙa hanya ɗaya suke rabo. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana ta. In man janareta ya ƙare a ƙarfe guda na tsakiya, ko aka sace batirinsa, duk na bayansa sun mutu, ko da nasu injin yana ruri. Wayar gilashi kuwa wata duniya ce: haske ne yake gudu a cikin zare mai kaurin gashin kai, kilomita 200,000 a sakan, kuma a zare guda ana iya tura launin haske 80 ko fiye, kowane launi da nasa kayan. Dabarar gidajen rediyo ce aka mai da ita haske.

Cibiyoyin da kamfanonin waya suke fitar da kayan intanet suna manyan birane, kuma ƙofar ƙasar nan zuwa duniya tana bakin teku a Legas, fiye da kilomita 500 kudu da Bagudo. Daga can hoton ya tafi wurin kwamfutocin kamfanin manhajar da aka aika da ita, waɗanda sau da yawa suna Turai ko Amurka, sa'an nan ya juyo ta Kwatano, ya hauro arewa wasu kilomita 500, ya sauka a Segbana. Tafiyar da mai babur zai yi kafin shayinsa ya huce, hoton ya yi ta ne ta dubban kilomitoci. Yawanci ba ma ji, domin haske yana da sauri. Ranar da muke ji ita ce ranar da igiya ta tsinke. A Yuli 2009 reshen wayar teku ta SAT-3 da ya sauka a Kwatano ya lalace. Benin da Togo da Nijar suka shiga duhu, Nijeriya kuma ta rasa kimanin kashi 70 cikin 100 na hanyarta, domin kaya masu yawa nata ta Benin suke bi a lokacin. Bayan haka aka sami MainOne da Glo-1 a 2010, da WACS da ACE a 2012, da Equiano a 2022. Duk da haka ran 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka tsinke kusan lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Abin da ya rage kaifin abin shi ne kamfanonin da suke da wata hanyar sun juya kayansu can, watau tunanin Baran ya yi aikinsa, amma ga mai hanya biyu kaɗai. Akwai kuma mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, da aka kafa a Legas a 2006 domin kayan cikin gida su daina zagayawa ta Turai, kuma daga baya ta buɗe rassa har da Kano.

Mu komo kan iyaka. Turawan 1898 sun ja layi a takarda, amma sigina ba ta san kwastan ba. Na gaya muku ƙarfe yana iya kai kilomita 35. Saboda haka ƙarfen Benin yana jiyuwa a cikin Nijeriya, namu ma yana jiyuwa a can. Kowane ƙarfe yana shelar lambar ƙasarsa, ta Nijeriya 621, ta Benin 616, ta Nijar 614, kuma da wannan waya take gane gida. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, in sabis na gida ya yi rauni, wayar da aka buɗe mata yawo takan kama na maƙwabta, a caje mutum kuɗin baƙo yana zaune a ƙofar gidansa. Shi ya sa mutanen iyaka da yawa suke riƙe da layi biyu. Ƙungiyar ECOWAS ta zartar da doka a Disamba 2017 don sauƙaƙa wannan caji, amma sai a 2023 aka sami ƙasashe biyu, Gana da Kwaddibuwa, suka fara aiki da ita a tsakaninsu. Na biyu ya fi wannan wuyar gani. Mitar da NCC ta sayar wa wani kamfani a nan, mai yiwuwa ita ce hukumar ARCEP ta Benin ta ba wani kamfani a can. Ƙarafa biyu suna magana a mita guda, kowanne yana tsammanin shi kaɗai ne, kuma babu dokar ALOHA a tsakaninsu da za ta sa ɗaya ya jira. Sakamakon shi ne kira yana yankewa, intanet tana jan ƙafa, alhali sanduna a cike. Na'ura ba ta iya warware wannan. Sai hukumomin ƙasashen biyu sun zauna sun raba: waɗannan mitoci naku ne a bakin iyaka, waɗannan namu, kuma kada ƙarfin siginar kowa ya wuce kaza in ta ƙetare layi. Domin irin wannan sulhu aka kafa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya tun 1865, tun ana zancen tangaraho.

To, ma'aikata, ina naku hannun a ciki? Yana da yawa fiye da yadda kuke zato. Wayar gilashi a gefen hanya ake binne ta, kuma jiha ce take ba da izinin haƙa. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a 2013 cewa kada a karɓi fiye da Naira 145 a kowace mita, gwamnoni suka sake jaddada haka a 2020, domin wasu jihohi suna karɓar dubbai. Jami'in da ya ɗauki wannan izini a matsayin hanyar tara haraji, ya sani kamfani zai yi lissafi ne kawai: garin da ba zai mai da kuɗin haƙa ba, a bar shi a kan faranti. Garuruwan da ake bari kuwa su ne irin Illo da Ka'oje da Lolo, ba babban birnin jiha ba. Haka kuma katafilar ɗan kwangilar hanya tana cikin manyan masu tsinka wayar gilashi a ƙasar nan. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare, amma injiniyan ma'aikatar ayyuka da ya nemi taswirar wayoyi kafin ya sa hannu a fara haƙa ya fi dokar saurin amfani. Shugaban ofis kuma da zai sayi intanet, ya tambayi mai sayarwa abu biyu: mutum nawa muke rabon wannan hanya da su, kuma in ta yanke ta ina kayanmu za su bi? Layi biyu daga kamfani biyu da suke kwance a rami guda, ko suke rataye a ƙarfe guda, layi ɗaya ne.

Akwai tauraron ɗan'adam, gaskiya ne. Tsofaffin suna kilomita 35,786 a sama, saƙo yana cin fiye da rabin sakan kafin ya je ya dawo. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, yana kusa, wajen kilomita 550. Yana da amfani ga asibiti ko ofishin kan iyaka da babu wata hanya, amma shi ma rabo ake yi, kuma kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Ɗalibai masu neman abin bincike, ga wani a gabanku. Jamhuriyar Nijar ba ta da teku, don haka wayar gilashi ta taso daga Kwatano ta bi ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil, ta ƙetare Kwara zuwa Gaya, ta nufi Yamai. Wannan waya tana wucewa ne yamma da ƙasar Bagudo, nesa kaɗan in an kwatanta da Legas. Haɗa ta da tamu ba zai hana hoton Tsamiya zagayawa ba nan take, domin wannan sai kamfanoni sun matso da cibiyoyinsu arewa. Abin da zai bayar shi ne hanya ta biyu zuwa teku ga yammacin Kebbi, da hanya ta biyu ga arewacin Benin ranar da tasu ta yanke. Wani a cikinku ya auna nisan daga Kandi ta Segbana zuwa Tsamiya har Bagudo, ya ninka da Naira 145, ya ƙara kuɗin haƙa da na waya, ya kawo mana lissafin a takardarsa ta kammala digiri.